Ɗakin Karatu a Cikin Aljihu: Yadda Za Mu Ci Moriyar Shafukan Intanet

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Nasarawa, Kaduna



Kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan shafukan intanet masu amfani da masu nishaɗantarwa, da hanyoyin neman bayani a cikinsu. Na karɓi wannan aiki ne ina sane da cewa a gaban malamanmu nake tsaye, kuma ba a nuna wa na Rigasa hanyar tasha. To, amma tun da umurni ne, sai in faɗi abin da ya sawwaƙa, inda na rage ku cike.

Maganata guda ɗaya ce. Wayar da ke aljihun kowannenmu a wannan zaure ɗakin karatu ce, wadda ta fi duk wanda muka taɓa shiga girma, amma da yawanmu mun mayar da ita dandalin hira da tura jita-jita kurum. Ina so kafin mu tashi mu san ƙofofin wannan ɗaki, mu san yadda ake rarrabe gaskiya da ƙarya a cikinsa, kana mu san abin da ya kamata mu da kanmu mu ajiye a ciki.

Daga Titin Bida zuwa tafin hannu

Duk wanda ya yi zamani da mu ya san wahalar neman littafi a wancan lokaci. In malami ya ba da aikin da littafin aji bai ƙunsa ba, sai ɗalibi ya nemi kuɗin mota daga Nasarawa, ya bi ta Kakuri, ya tsallake gadar kogin Kaduna, ya nufi ɗakin karatu na Titin Bida. Wata rana ka tarar wani ya riga ka ɗaukar littafin, wata rana ka tarar an yage shafin da kake nema. Haka muka yi karatu, kuma mun gode wa Allah da malamanmu.

A daidai wannan lokaci ne wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janeba, ya fito da tsarin yanar gizo a 1989. Shafi na farko ya bayyana a 1991, sa'an nan a 1993 cibiyar ta sakar wa duniya tsarin kyauta. Daga nan injunan bincike suka biyo baya: Yahoo a 1994, AltaVista a 1995, Google a 1998. AltaVista, wanda ya yi tashe ƙwarai, an rufe shi a 2013, domin a wannan fage ma sarauta ba ta dawwama.

Mu a nan ƙasar, abin bai zo hannun talaka ba sai bayan da wayar salula ta shigo a watan Agusta na 2001. Da fari shagunan intanet muke zuwa, mu sayi awa ɗaya, rabinta ta ƙare wajen jiran shafi ya buɗe. Yau kuwa jikanka ɗan shekara goma yana iya buɗe abin da a da sai ka je Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya za ka gani.

Iya tambaya shi ne rabin samu

Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma fa sai in ya iya tambaya. Injin bincike kamar Google ko Bing ba ya karanta zuciyar mutum. Abin da yake yi shi ne, yana aika wasu manhajoji su zaga shafukan duniya dare da rana, su tattara kalmomin da ke ciki, su jera su kamar yadda ake jera katunan littattafai a ɗakin karatu. In ka rubuta kalma, sai ya duba wannan jeri ya kawo maka shafukan da yake ganin sun fi dacewa. Saboda haka in tambayarka ta zo a dunƙule, amsa ma a dunƙule za ta zo.

Alal misali, ku rubuta Nasarawa kawai ku gani. Abin da zai fara fitowa shi ne Jihar Nasarawa da aka ƙirƙiro a 1996, mai hedikwata a Lafiya, ko kuwa Nasarawa ta Kano. Unguwarmu ba za ta fito da wuri ba. Amma in ka rubuta Nasarawa Kaduna, ka sa kalmomin biyu a tsakanin alamar zance, injin zai nemi inda suka zo a jere. In ka ƙara alamar ɗebewa a gaban wata kalma, watau ka rubuta -Lafia, zai zubar da duk shafin da ya ambace ta. Har ila yau a gwada rubutu iri biyu, Nasarawa da Nassarawa, domin kowanne ana amfani da shi.

Akwai wasu dabaru guda biyu da nake so kowa ya rubuta a bayan takardar shirin taron nan. In kana son bayani daga hukuma kaɗai, sai ka ƙara site:gov.ng a ƙarshen tambayarka, ba zai kawo maka komai ba sai daga shafukan gwamnatin Nijeriya. In kuwa cikakkiyar takarda kake nema, kamar rahoto ko manhajar karatu, sai ka ƙara filetype:pdf. Bugu da ƙari, a lura cewa sakamakon da ke can sama wani lokaci talla ne da aka biya kuɗi aka sa, kuma akan rubuta hakan da ƙananan baƙaƙe a gefensa.

Ga masu bincike da Hausa, akwai batun baƙaƙe masu lanƙwasa. Malamanmu na Hausa sun sha jan kunnenmu cewa ƙasa daban, kasa daban. Allon rubutu na Gboard yana da tsarin Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, kuma kyauta ne. Sai dai da yake marubuta da yawa ba sa sa lanƙwasa, yana da kyau a nemi kalma ta fuska biyu, da lanƙwasa da kuma babu.

Kundaye da ƙamusoshi

Kundin da ya fi shahara shi ne Wikipedia, wanda aka kafa a 2001. Na Turanci yana da maƙalu fiye da miliyan 6, na Hausa kuwa yana da dubbai masu yawa, waɗanda 'yan sa kai suke rubutawa. Kowa na iya gyara shi, wannan ne ƙarfinsa, kuma nan ne rauninsa yake. Shawarata ita ce a ɗauke shi a matsayin zaure. A shiga a sami hasken magana, sa'an nan a gangara ƙasan maƙala a duba littattafai da jaridun da aka dogara da su. Maƙalar da ba ta nuna inda ta samo zance ba, a riƙe ta da hannu biyu.

Wajen harshe, babban ƙamus ɗin nan na G. P. Bargery da aka buga a 1934, mai kalmomi kusan 39,000, wanda a zamaninmu sai a kan teburin malami ake ganinsa, an daɗe da juya shi zuwa intanet. Tsofaffin kalmomin noma da saƙa da sarauta da 'ya'yanmu ba su taɓa ji ba suna nan a ciki. Google Translate kuma ya sa Hausa a jerin harsunansa tun 2013. Yana taimakawa wajen gane inda takardar Faransanci ko Larabci ta dosa, amma kada a ba shi amanar takardar kotu ko ta asibiti, kuma in ka ba shi karin magana sai ya fassara maka kalmomi ya bar ma'ana a baya.

Ga 'ya'ya da jikoki, Khan Academy yana koyar da lissafi da kimiyya kyauta, daga ƙidaya har zuwa abin da ake yi a aji shida. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, watau NOUN, ta sa littattafan darussanta a shafinta, kowa na iya saukewa ko da ba ɗalibinta ba ne. Shafin African Storybook yana da ƙananan labarai masu hotuna da Hausa domin masu koyon karatu. Kada mu manta, tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an ci shi da rabi tun bai fara ba.

Taskokin tarihi

Wanda ke son tarihi ya nufi Internet Archive, wanda aka kafa a Amurka a 1996. A nan za ka sami hoton tsofaffin littattafai shafi bayan shafi, har da littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851. Wani sashe nasa mai suna Wayback Machine yana adana shafukan intanet yadda suke a shekarun baya, ta yadda in an goge wani bayani ko an sauya shi, sau da yawa akan iya ganin na asali.

Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da wani shiri na ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, wanda ya fara a 2004, kuma a ƙarƙashinsa an ɗauki hoton wasu takardun Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan Kaduna. Wasu matasan Nijeriya ma sun buɗe shafin Archivi.ng a 2023, suna ɗaukar hoton tsofaffin jaridun ƙasar nan domin a iya bincika su. Daɗin daɗawa, Google Earth yana da wurin da ake komawa hotunan sama na shekarun baya. Ku nemi Nasarawa da Kakuri da Kudenda a ciki, ku ja lokaci baya, za ku ga da idonku yadda gidaje suka cinye fili, da yadda rufin masaƙu ya sauya kama.

Hidimomin yau da kullum

Da yawanmu mun yi ritaya ko muna dab da yi, saboda haka wannan sashe namu ne. 'Yan fanshon Gwamnatin Tarayya na tsohon tsari da ke ƙarƙashin hukumar PTAD suna iya tabbatar da cewa suna raye ta intanet, ba sai sun yi doguwar tafiya sun bi layi ba. Tikitin jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu a Abuja tun 2021 ake sayar da shi ta intanet. Hukumar NAFDAC tana da kundin Greenbook inda ake duba ko magani yana da rajista. Hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana da wurin da za ka rubuta sunan kamfani ka ga ko akwai shi. Manoman cikinmu kuwa su riƙa duba hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa a farkon kowace shekara, kafin su zuba iri.

Abin lura a nan shi ne adireshi. Shafin gwamnatin ƙasar nan yakan ƙare da gov.ng, na manyan makarantu kuwa da edu.ng. 'Yan damfara sukan ƙirƙiri shafi mai kama da na gaske, har da tambari, su sauya baƙi ɗaya a adireshin. Kuma babu banki ko hukumar da za ta nemi lambar sirrin katinka ta waya ko ta saƙo. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne, ko da ya kira sunanka da na mahaifinka daidai.

Nishaɗi

Ba kullum ake karatu ba, rai ma yana son hutu. A YouTube, wanda ya fara a 2005, za ku sami waƙoƙin Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Barmani Coge, da wasu wasannin marigayi Ƙasimu Yero da na Samanja Mazan Fama, waɗanda muke taruwa gidan maƙwabci mai talabijin domin mu kalla. Kamfanin British Pathé ya saki dubban tsofaffin fina-finan labarai a can, kuma mai haƙurin nema zai ga hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956.

Akwai wani shafi mai suna Radio Garden, wanda ke nuna duniya kamar ƙwallo mai ɗigo-ɗigo kore. Kowane ɗigo wuri ne mai tashar rediyo ɗaya ko fiye. Ka juya ƙwallon da yatsa ka saurari Yamai ko Akara ko Alkahira nan take. Flightradar24 yana nuna jiragen da ke sama a wannan lokaci, har ka bi jirgin da ɗanka ko alhazanku suke ciki ka ga inda ya kai. Masu gardamar ƙwallo kuma, shafin RSSSF yana da sakamakon tsofaffin gasa, kuma zai tabbatar muku cewa Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar cin kofin masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1988, inda ƙungiyar Bizerte ta Tunisiya ta yi nasara a kanta. Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, da na DW da na RFI, da jaridar Aminiya, duka suna da shafuka, ba sai an jira lokacin labarai ba.

Tantance gaskiya

Jama'a, yanzu na zo inda gizo ke saƙar. Mu mutanen Kaduna ba ma bukatar a gaya mana abin da jita-jita take haifarwa. Mun ga 2000, mun ga 2002. Mun san yadda aka wayi gari kogi ya zama iyaka, 'yan aji ɗaya da suka ci abinci a kwano ɗaya a wannan makaranta suka rabu, wasu suka koma arewa da gada, wasu suka yi kudu. A wancan lokaci da baki ake yaɗa zance, yana tafiya unguwa-unguwa. Yau da yatsa ɗaya ake yi, kuma kafin ka aje waya ya isa gari goma.

Ku tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane da tsakar dare ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum 2 sun rasu, wasu da dama suka kwanta asibiti. Ku tuna MMM da ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016, da CBEX da ya ruguje a watan Afrilu na 2025. Waɗanda suka tura wa 'yan'uwansu waɗannan saƙonni galibi ba mugaye ba ne, sun yi ne da nufin taimako. Amma kyakkyawar niyya ba ta dawo da rai, ba ta dawo da kuɗin fansho.

Maganin abin yana cikin wayar nan ita kanta. In an turo maka hoton gawarwaki ko na gobara an ce yanzu ake yi a wuri kaza, ka sa hoton a Google Lens ko TinEye, za su nuna maka inda ya taɓa fitowa. Sau da yawa sai ka tarar tsohon hoto ne, daga wata ƙasa ma. Akwai shafukan da aikinsu ke nan, watau bin diddigin labari: Africa Check da aka kafa a 2012, da Dubawa da aka kafa a nan Nijeriya a 2018. In maganar zuba jari ce, a duba shafin hukumar SEC a ga ko kamfanin yana cikin waɗanda ta yi wa rajista. Kafin ka tura kowane saƙo, ka tambayi kanka abu uku: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma wace kafa mai mutunci ce ta tabbatar? In ba ka da amsa, bari saƙon ya mutu a hannunka.

Haka nan sababbin manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum, irin ChatGPT da ya fito a watan Nuwamba na 2022. Suna da amfani wajen tsara wasiƙa da taƙaita dogon bayani, amma suna iya ƙaga suna ko shekara ko littafin da babu shi, su faɗa da cikakkiyar natsuwa. A ɗauke su kamar ɗalibi mai baki wanda ba ya taɓa cewa bai sani ba. Malamanmu sun san irinsa, kuma sun san sai an duba aikinsa.

Namu kason

Daga ƙarshe, akwai abin da intanet ba ta da shi, kuma mu ne muke da shi. Ku nemi tarihin masaƙun da suka raya wannan yanki. Za ku ga an rubuta cewa an buɗe KTL a 1957 aka rufe ta a 2002, an kafa UNTL a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975. Shekaru ne da alƙaluma. Ba za ku ji yadda jiniya take tayar da unguwa ba, ko yadda kekunan ma'aikata suke cika titi lokacin canjin aiki, ko yadda albashin masaƙa ya biya wa yawancinmu kuɗin makaranta, ko yadda Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe da Ibo suka zauna gidan haya ɗaya a Nasarawa suna karɓar wa juna gishiri. Abin da ba a rubuta ba, injin bincike ba zai same shi ba, kuma jikokinmu za su ɗauka ba a taɓa yi ba.

Saboda haka ina gabatar wa Ƙungiya shawara uku. Ta farko, a kafa ƙaramin kwamiti ya tattara tsofaffin hotuna da mujallun makaranta, a ɗauki hotonsu, a ajiye a Internet Archive, wanda ke karɓar irin wannan kyauta. Ta biyu, a zauna da iyayenmu malamai da tsofaffin ma'aikatan masaƙa, da izininsu, a naɗi muryoyinsu tun suna tare da mu, domin kowace shekara jerin waɗanda muke yi wa addu'a a wannan taro ƙaruwa yake yi. Wikipedia ba ta karɓar labarin baka sai abin da aka buga, don haka sai mun fara wallafa wannan tarihi kafin ya sami shiga can. Ta uku, masu hali a cikinmu su taimaka wa makaranta da kwamfutoci da wutar rana, mu kuma masu lokaci mu riƙa zuwa ko da sau ɗaya a zango muna nuna wa ɗalibai yadda ake bincike da tantancewa.

Iyayenmu malamai, ku kuka koya mana duba ƙamus da bin jerin abjadi, da tambayar hujja kafin a yarda da zance. Wannan tarbiyya ita ce dai ake bukata a intanet, kayan aikin ne kawai suka sauya. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba Kaduna da Nijeriya zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.